Hannun Lesieli, Wuyan Babanta

Melbourne, watan Yuli

Zuwa ga Gwaggo Melenaite,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baba da duk mutanen Longomapu. Yaya gwiwar taki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da sanyin garin nan da ya hana ni sakat. Matar Fasto ce za ta kawo miki takardar, na haɗa da man zafi da ganyen shayi.

Gwaggo, a waya ba na iya faɗa wa Baba komai. Da na ce ya jiki, sai ya ce lafiya, ya shiga ba ni labarin aladunsa. To ke zan faɗa wa. Tun da na gama karatu ban samu aiki na kirki ba. Na san har yanzu tausa kike ce masa. Ba tausa ba ce, ba kuma ɗori ba ne. Ostiyofat ake ce mana, da hannu muke lalubo inda ƙashi da jijiya suka sarƙe mu warware, ba allura ba ƙwaya.

An ba ni ɗaki a wani wurin gyaran jiki, amma ba albashi. Wanda na duba mu raba da mai wurin, in ba kowa in koma gida haka nan. Ranar Talata tun safe nake zaune ina goge gadon da ba wanda ya hau. Mutum ɗaya ya shigo, shi ma hanyar banɗaki yake tambaya. A titinmu kaɗai masu irin aikina sun fi a ƙirga, kowa da mutanensa na da can. Cikin abokan karatuna wata tana sayar da kofi, wani ya koma ɗaukar kaya a sito.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata mata, Madam Zappia, tana da wuri a Robinvale, inda mutanenmu na Tonga suke aikin inabi. Tana neman mai jin harshenmu, kuma albashi za ta ba ni. Na san Baba ba zai ce e ko a'a ba sai ya ji ta bakin yayarsa. Ki ba ni izini, Gwaggo. Shekara biyar na yi ina koyon aikin nan, ina tsoron hannuna ya manta.

'Yarki,
Lesieli

Longomapu, watan Agusta

Lesieli 'yata,

Takardarki ta iso, na gode wa Allah da kike lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Man zafin ya yi amfani. Shayin kuwa matar Fasto ta ce wai ya ɓata a jirgi. Na sha shi a gidanta ranar Lahadi, da daɗi.

Kin ce ba tausa ba ce, na ji. Mutum ya tuɓe riga ya kwanta, ki danna shi ya yi ƙara, ya tashi ya biya. Turawa su sa masa sunan da suka ga dama. A nan kowa Likita yake ce miki, ni kuwa ban gyara wa kowa ba, me ya yi min zafi?

Ki bar wannan koke-koken ki tafi Robinvale. Na yarda, na faɗa wa babanki na yarda, ya ce to.

Amma ki buɗe kunne da kyau. Garin nan cike yake da jininki. Manase ɗan marigayi baffanki yana can. Ɗan baffa wa ne, ba na son in ji an ce zaman Melbourne ya mantar da ke. Ba zama ɗaki ɗaya, ba wasa, balle taɓa jiki. Dube ni da babanki. Mun tsufa, gida na kallon gida, amma har yau ban taɓa taka ɗakin kwanansa ba, abincinsa a bakin ƙofa nake ajiyewa.

Labarin gida, ruwa ya yi, doya ta yi kyau. Babanki ya daina zuwa gona, ya bar wa maƙwabci. Gangar coci ma ya bar wa wani yana bugawa. Yawanci yana zaune a gindin mangwaro.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da kika aiko duk ƙashin wuya ne.

Gwaggonki,
Melenaite

Robinvale, watan Nuwamba

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Labarin shayi ya sa ni dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Abin da ya fi faranta min rai shi ne jin Baba ya ajiye fartanya. Tun rasuwar Inna nake roƙonsa ya huta, ashe sai ranar da ya ga dama. Ki ce masa ya ci gaba da zaman mangwaronsa.

Aiki ya kankama. Madam Zappia ba ta da laifi sai faɗa. Ita ma aikin nan ta yi shekara da shekaru har manyan yatsunta suka ƙi, yanzu ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Tana zaune a gaba tana karɓar mutane, ni ce mai hannu. Wani lokaci in kalli yatsunta, in kalli nawa. Matanmu masu aiki a rumfunan shirya kaya suna zuwa da ciwon kafaɗa, in yi musu aiki muna hira. Wata ta kawo gwaza da naman alade maimakon kuɗi. Madam ta ce banki ba ya karɓar gwaza, amma ta ci har ta ƙara.

Sai makon jiya. Na leƙa in kira na gaba, na ga Yaya Manase zaune ya dafe ƙugu. Sunan Madam ya gani a allo, bai san ni ce a ciki ba. Ya miƙe, na sunkuyar da kai, muka gaisa daga nesa. Ya tambayi Baba, ya ce dama wucewa yake yi, ya fita yana jan ƙafa.

Madam ta tambaye ni, na yi mata bayani. Ta ce ita a saninta ɗan'uwa ya fi kowa cancantar taimako. Na ce a wurinmu ba haka abin yake ba. Ta ce to su wa da wa ne 'yan'uwan nawa? Da na fara jero mata 'ya'yan baffanni, da 'ya'yan 'yan'uwan Inna, da jikokin ƙannen Kaka, sai ta dafe kai. Ta ce maza ne masu ciwon baya a garin nan, don su ta ɗauke ni, in yi tunani kafin lokacin tsinkar inabi.

Tunanin nake yi, Gwaggo. Ban taɓa kowa ba.

Lesieli

Longomapu, watan Afrilu

Lesieli,

Muna lafiya. Ke ma na ji kina lafiya, har ta yi miki yawa.

Tun kafin Kirsimeti ba takarda. Na ce ko aiki ne, ashe kunya ce ta riƙe alƙalamin, in ma akwai sauranta. Waɗanda suka dawo daga inabi a jirgin makon jiya sun sauke labari kafin su sauke akwati. Wai Manase ya shiga ɗakinki, ya tuɓe riga, kin rufe ƙofa. Wai ba sau ɗaya ba. Ni da na rubuta miki da hannuna! Sunansa na kama, ban yi miki kwana-kwana ba.

A zaman kava babanki ya ji, inda maza ke taruwa suna shan jiƙon saiwar nan a ƙoƙo. Wani marar mutunci ne ya sako maganar kamar wasa, ya ce Likita ba ta bar ko na gida ba. Aka yi dariya. Aka miƙa wa babanki ƙoƙo, ƙoƙon ya suɓuce daga hannunsa ya zube a tabarma a gaban kowa. Ya tashi ya tafi gida, bai koma ba har yau. Mutumin da ko lokacin da guguwa ta ɗauke rufin coci bai yi fashin zaman ba.

Matar Manase ta daina gaishe ni. Lahadin nan a benci na baya na zauna, ni Melenaite.

Kada ki kira shi a waya, ba zai ɗauka ba. In kina da abin faɗa ki rubuto. In kuwa ƙarya aka yi miki, ki faɗa da wuri in san gidan da zan fara shiga.

Melenaite

Robinvale, watan Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba in zai amsa. Jikina lafiya.

Ba ƙarya aka yi min ba. Na sha fara rubuta miki ina yagawa.

Ana tsakiyar tsinka, rana kamar za ta dafa mutum, abokan aikin Yaya Manase suka kawo shi kwance a bayan mota. Ya sunkuya ɗaukar kwali bayan ya riƙe, ya kasa miƙewa. Suka ce ɗan kwangila ya faɗa masa in bai dawo gona a makon ba za a mai da shi gida, ga matarsa da ciki, ga gidansu ba rufi. Na kalli Madam, ta ɗaga min yatsunta. Mai irin aikina mafi kusa yana can garin Mildura, kuma wa zai jure wannan tafiyar da irin bayan nan?

Ƙofa na rufe ta, gaskiya ne. Ɗakin jira cike yake da matanmu, ban so su gan shi a haka ba. Ya rufe fuskarsa da tawul. Ban kira sunansa ba, bai kira nawa ba. Ina aiki ina ji yana kuka a ƙarƙashin tawul ɗin, kuma na san ba duka ne na ciwo ba. Hannuna dai ya san abin da yake yi. Da ƙafarsa ya fita, Gwaggo. Ya dawo sau biyu, ya ƙarasa tsinka.

Tun daga nan matan suka janye. A coci in na zauna, sai a tuna ana da magana da wata a can gefe. Shi kansa Yaya Manase in ya hango ni a titi sai ya tsallaka. Mazan da ba dangina ba ma sun daina zuwa, matansu sun hana. Madam ta rage min ranaku, ta ce ba ta ga laifina ba, amma ba za ta iya biyan ɗaki wofi ba. Ƙarshen wata mai zuwa zan ajiye makulli. Na ƙi taɓawa an ce za a kore ni, na taɓa kuma ga shi. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Kin ce ƙoƙo ya suɓuce daga hannun Baba. Baban da yake fasa kwakwa da sara ɗaya? Na ɗauko takardarki ta Agusta na sake karantawa. Ya bar gona, ya bar ganga. Ni kuwa na aiko miki da murna kamar wawiya. Wane hannu ne, Gwaggo? Tun yaushe? Wuyansa yana juyawa? Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki amsa min wannan.

Lesieli

Longomapu, watan Yuni

Lesieli,

Na karɓi takardarki. Ina lafiya. Babanki ba shi da lafiya.

Hannun dama ne. Ya fi shekara. Ya hana ni faɗa miki, ya ce kina fama da neman aiki kada a ɗora miki. Ni kuma na rubuta gona, na rubuta ganga, na ce mai ilimi za ta gane. Da amsarki ta zo na zauna na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Wuyan ba ya juyawa, in aka kira shi duk jikinsa yake juyowa. Ya ce kamar tururuwa ke bin hannun har yatsu. Yanzu ya fi na hagu ƙanƙanta, da ido ana gani. A asibitin Neiafu sun ba shi ƙwayoyi, sun ce sai an ɗauki hoto a Nuku'alofa, ya ce sai bayan haƙar doya. Doyar da ba shi ke haƙa ba. Wani dattijo daga ƙauyen gaba ya zo da man kwakwa ya murza shi, ya kwana biyu yana nishi.

Ran Lahadi ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsa yana kokawa da maɓallin riga. Ƙanena ne, ni na yi renonsa, amma ba zan iya miƙa hannu in ɓalla masa ba. Sai in juya in yi kamar ina korar kaji.

Maganar Manase ban yafe ba, ban kuma ce ba zan yafe ba. Matarsa ta sauka, namiji, an kuma rufa gidan.

Ki zo. Ki dube shi ki gaya mana abin yi. Da ido na ce. Kan uba da wuyansa ba wurin hannun 'ya ba ne, wannan ba sai na koya miki ba. Kin yi ɗaya, gari bai gama tauna ta ba, kada ki zo ki ƙara min ta biyu.

Gwaggonki

Nuku'alofa, watan Agusta

Gwaggo,

Jirgin ruwa ya sauke mu lafiya, gobe zan tashi. Na gode da ɗawainiya, da kifin da kika cusa min a jaka duk da na ce ba za a bari in wuce da shi ba. Akwai abin da na kasa faɗa miki baki da baki.

Kin ga yadda na yi kwanakin nan. Ina zaune nesa ina cewa Baba ɗaga hannu, Baba kalli sama, Baba matse wannan lemon. Ya yi duk abin da na ce, bai taɓa tayar da maganar Yaya Manase ba. Amma ido ba ya gaya min komai, Gwaggo. Ba a koya mana aikin da ido ba. Ban san ko abin da hannu zai sassauta ba ne, ko kuwa ya wuce nan sai likitan tiyata. Sai na taɓa zan sani.

Safiyar da zan taho, da kika tafi bakin teku jiƙa ganyen saƙa, gidan ya rage daga ni sai shi. Yana kan kujera a gindin mangwaro. Na zagaya bayansa na tsaya. Ina ganin wurin, ƙasa da gashin ƙeya kaɗan, naman ya ɗaure ya ja kafaɗar sama. Tsakanin hannuna da wurin bai kai tsawon cokali ba. Na ce, Baba, ba kowa. Ka bar ni in duba, ba wanda zai ji.

Sai ya ce in zagayo gabansa. Na durƙusa.

Ya ce, "Na Manase bakin mutane ne, ana gajiya a bari. Wannan kuwa masifarsa ba a kaina za ta sauka ba, a kanki za ta sauka. Haka ubana ya gaya min, ban kuma shirya gwadawa da ke ba."

Na ce a makaranta ban ga inda aka rubuta haka ba. Ya ce ya sani.

Ya ce, "Hannu biyu gare ni, Lesieli. 'Ya ɗaya."

Ya kama hannayena da na hagunsa, ya juya su yana dubawa, ya ce sun yi ƙarfi kamar na Inna. Ya ce in tashi kada jirgi ya bar ni. Na tashi. Da na ɗora hannun kawai ba tare da na tambaya ba, da bai isa ya juyo ya hana ni ba. Na san haka a lokacin, kuma ban yi ba.

Na yi magana da likita a nan, na bar sunan Baba. Ki matsa masa ya zo, ke kaɗai yake ji.

Aiki kuma na samu, a wani ƙaramin garin masu haƙar ma'adinai a yammacin tsibirin Tasmania. An ce ruwa da sanyi ba sa ɗagawa, shi ya sa ba mai son zuwa. Kafin in tambayi albashi na tambayi mai wurin ko akwai 'yan Tonga a garin. Ya ce ko ɗaya, ya ba ni haƙuri. Na ce na karɓa. Duk wanda zan taɓa daga yau baƙo ne.

'Yarki,
Lesieli

Longomapu, watan Satumba

Lesieli 'yata,

Ina fata kin isa lafiya, kin kuma sayi rigar sanyi ta kirki. Babanki yana nan yadda kika bar shi. Ya yarda da tafiya Nuku'alofa a jirgin ƙarshen wata, bayan na yi kwana uku ban kai masa abinci da kaina ba. Ya koma zaman kava, da hagu yake karɓar ƙoƙo. An ce yana gaya musu 'yarsa Turawa take gyarawa a ƙasar ƙanƙara, ba kuma wanda ya yi dariya.

Na karanta takardarki a ɗaki, na sake karantawa a bayan gida.

Ke yarinyar nan, yaushe rabon da ki ga na saƙa tabarma? Idona ba ya ganin saƙa tun kina makaranta. Ganyen da na ɗauka na maƙwabciya ne, a kan igiyarta na zare. Na biya gidan nata na ja ta zuwa bakin teku da hira, na aiki yaran unguwa neman ƙaguwa, don kada a samu ido ko ɗaya kusa da mangwaron. Na zauna a kan dutse har ruwa ya janye ya fara dawowa. Bakina ba zai iya ce miki yi ba, ni ce yayarsa, ni ake kallo. Addu'a nake ta yi Allah ya sa ki ƙi jin maganata kamar yadda kika ƙi ji a Robinvale.

Da na dawo na hango babanki ya juyo da duk jikinsa don ya ga mai tahowa, na san kin ji magana.

Ban ga laifinki ba. Ni na koya miki, kuma kin koya da kyau.

Ki rubuto ki gaya min irin abincin da ake samu a can.

Gwaggonki,
Melenaite